In Abu Ya Faɗa Cikin Masai

A ɗakunan majinyata na asibiti, da wasu gidajen Ngaundere da Garwa, za ku tarar da masai mai ruwa. Wanda ya saba da salga ta ƙauye yakan ɗauka duk ɗaya ne. Sun bambanta ƙwarai, musamman ranar da waya, ko makulli, ko katin ɗan ƙasa ya suɓuce daga aljihu.

Masai mai ruwa yana da lanƙwasa a ƙarƙashinsa. Ruwan da kuke gani kwance a ciki kullum, lanƙwasar ce take riƙe shi, shi ne kuma yake tare wari da ƙudaje. Abu mai nauyi in ya faɗa, yawanci nan yake tsayawa. Saboda haka kada ku ja ruwa, kada ku zuba bokiti. Ku sa safar hannu ta roba, in babu ku sa leda biyu marasa huda ku ɗaure a damtse, ku laluba a hankali. In hannu bai kai ba, ku lanƙwasa bakin siririn ƙarfe ya zama ƙugiya, ku jawo abin wajenku. Turawa ciki yakan kai shi bututu, daga nan kuwa sai mai gyaran famfo. A asibiti, ku faɗa wa nas. Ba abin kunya ba ne, mun saba.

Yawancin toshewa daga hannunmu take: totuwar masara, dutse, tsumma, leda, audugar mata, ƙunzugun jarirai. Ruwa ba ya narkar da su. Ku jefa su a kwandon shara. In ruwa ya fara hauhawa maimakon ya sauka, ku daina zubawa, ku nemi robar nan mai sanda ku rufe bakin ramin da ita, ku danna ku ja sau da yawa. Kada ku haɗa ruwan Javel da asid ko wani maganin wanke masai, gama haɗin yana fitar da iska mai ƙona ido da huhu.

Salga kuma maganarta ta fi nauyi. Ƙazantar da take ruɓewa tana fitar da iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take taruwa. In ta yi yawa takan kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya zaci babu kome, sai ya faɗi sumamme. Ɗan'uwansa ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. Ta haka gida ɗaya yakan rasa mutum biyu ko uku saboda waya guda. Kada kowa ya shiga salga ko ramin da masai mai ruwa yake zuba, kada kuma a zura yaro da igiya wai don shi ƙarami ne. Ku haska da tocila, ba da ashana ko fitilar kananzir ba, don akwai iskar da take kama wuta. Ku gwada doguwar gora mai ƙugiya. In abin bai fito ba, ku bar shi. Kati da makulli ana sake yinsu.

In mutum ne ya faɗa, ku yi kururuwa a taru, a buɗe bakin ramin iska ta shiga, a zura igiya ko tsani daga sama. Da ya fito, a tuɓe masa kaya, a wanke shi da ruwa mai yawa, a kawo shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, domin ƙazantar da ya shaƙa takan taɓa huhu bayan sa'o'i.

Duk wanda ya taɓa ruwan masai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki yaro, saboda kwalara da taifot ta nan suke bi. In ƙarfe ya yanke ku, ku zo a duba ko kuna bukatar allurar tetanus.