Yadda Ake Auna Ƙarfin Gada Kafin a Gina Ta

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega, ta haye Gulbin Zamfara, kana ta miƙe kudu ta Maiyama zuwa Yawuri. A kanta ne manyan motoci ke jigilar albasar Aliero da shinkafar Kebbi. Kafin a gina gada a irin wannan hanya, wajibi ne injiniya ya san yadda nauyin mota zai rarrabu a jikinta.

Galibin gadojin zamani ana shimfiɗa su ne tamkar rufin soro. Akan zuba dogayen sandunan kankare a ƙasa, da rodi ko wayoyin ƙarfe a ciki, watau azarar gadar ke nan. In sun yi ƙwari, sai a ɗaga su a jera bisa ginshiƙai, sa'an nan a zuba daɓen kankare a kansu. Dabarar ɗame wayoyin nan ta bunƙasa ne ta hannun Eugène Freyssinet na Faransa, wanda ya yi mata rajista a 1928.

Idan mota ta bi gefe guda, azarar da ke ƙarƙashin tayoyinta ce ta fi shan nauyi, daɓen kuwa ya miƙa saura ga maƙwabtanta. Domin lissafa rabon kowacce, injiniya yakan zana gadar a kwamfuta kamar raga: layukan tsawo su ne azara, na faɗi kuwa daɓen. E. C. Hambly ya bayyana wannan hanya a littafinsa na 1976, kuma manhajoji irin su SAP2000 da STAAD.Pro suna iya aiki da ita.

Sai dai akwai wurin tuntuɓe. Ranar da aka zuba daɓe, ɗanye ne, ba ya taimakon kowa. Azara ita kaɗai ke ɗauke da kanta da shi. Sai ya ƙanƙare, bisa al'ada akan auna ƙarfinsa a kwana 28, kana su zama jiki ɗaya. Wanda ya zana gadar a matsayin gamammiya tun farko, kwamfuta za ta nuna masa ƙarfin da babu shi. Saboda haka lalle ne ɗaliban injiniya a jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, da ma'aikatan da ke duba takardun kwangila, su riƙa tambaya ko lissafin ya bi matakan ginin ɗaya bayan ɗaya.