Buhun Gyada, Kwalbar Giya da Dajin Hanta

Ya ɗan'uwa mai jiran jirgin ruwa a tashar Treichville, ka lura da yadda iskar bakin ruwan Ébrié take jiƙa riga tun kafin gumi ya zo. Wannan laimar ita ce take shiga buhun gyada da na masara da ka ajiye a shago a Adjamé. Kayan da za su shekara lafiya a rumbun Maradi, a nan Abijan cikin 'yan makonni sai su yi funfuna.

Funfunar tana fitar da wata guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin dubu 100 suka mutu a Ingila saboda abincin tunkuzar gyada. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Amma yawanci ba ta kisa nan take. Kaɗan-kaɗan take lalata hanta, shekara da shekaru, har daji ya tsiro. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma haka. Abin da ya fi damuna a aikin jinya shi ne al'adar tsince gyada mai kyau a sayar, a niƙa ruɓaɓɓiyar a yi miya ko ƙuliƙuli don gida. Ribar ta tafi kasuwa, gubar ta shiga cikin 'ya'yanka.

Haɗarin yana ninkuwa sosai idan mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda da yawa cikinmu suka samu tun suna jarirai ba su sani ba. Idan aka ƙara giya a kai, ta kwalba ce ko kutuku, hanta takan tsuke ta yi tauri, kuma a irin wannan hantar daji ya fi kama wuri.

Kada ka jira idanu su yi rawaya ko ciki ya kumbura, domin a lokacin cutar ta yi nisa. Ka je a gwada jininka. Babban asibitin CHU na Treichville yana nan unguwar. Jariri kuwa a yi masa allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Buhuna a ɗora su kan katako, nesa da bango, gyadar da ta yi baƙi ko ɗaci kuma a zubar, kada a ba ko kaji.