Saƙar 'Yar Tsanar Jariri da Kwarashi

Saƙar kwarashi ta daɗe a hannun mata a ƙasar Hausa, musamman wajen haɗa kayan jarirai irin su hula da safa da rigar sanyi. Wani reshe na sana'ar shi ne saƙa ƙaramar 'yar tsana mai siffar zomo ko giwa ko kyanwa, a cusa mata abu mai laushi, a rufe. Wannan salo ya yi suna ne daga Japan, inda ake kiransa amigurumi, kuma ya bazu a Turai da Amurka ta intanet tun daga farkon shekarun 2000. Ita kanta saƙar kwarashi, a yadda aka san ta yau, ta bunƙasa a Turai cikin ƙarni na 19. Har yanzu masana'antu ba su da injin da ke yin ta yadda hannu ke yi, don haka duk irin wannan 'yar tsana aikin hannu ce.

Abu na farko da mai saƙa za ta riƙe shi ne cewa jariri da baki yake sanin duniya. Daga wata uku zuwa huɗu yake fara damƙar abu, kuma duk abin da ya damƙa bakinsa zai kai. Wajen wata shida haƙori ya fara ƙaiƙayi, sai cizo da ja. Saboda haka ƙarko da tsafta ne ke gaba, kyau ya biyo baya.

Zaren auduga tsantsa shi ya fi dacewa: ba ya fitar da gashi, yana jure wanki da ruwan zafi. Yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa na roba ne. Yana da araha da launuka masu ɗaukar ido, amma yana yin burtsi-burtsi idan ya sha wanki. Kafin a fara, a jiƙa ɗan guntun zaren a goga shi a farin ƙyalle. Idan ya zuba, bai dace da bakin jariri ba. Kwarashin kuwa ana zaɓar wanda ya fi ƙanƙanta a kan wanda aka rubuta a takardar zaren, galibi milimita 2.5 zuwa 3.5, domin saƙar ta matse. Saƙa mai ramuka tana da kyau a mayafi, amma a 'yar tsana aibi ce, don ta nan abin cusawa ke leƙowa, yatsan jariri ya zaƙulo shi.

Kusan dukkan aikin da gajeren ƙulli guda ake yin sa, kuma a zagaye, ba a jere ba. Ana naɗa zare a yatsa a yi zobe, a saƙa ƙulli 6 a cikinsa, a ja jelar zaren har ramin tsakiya ya rufe ruf. A zagaye na biyu kowane ƙulli ya samu biyu, su zama 12. Daga nan ana ƙara 6 a kowane zagaye: 18, 24, 30, 36. Wannan ƙari shi ke sa saƙar ta baje kamar faifai. Da an daina ƙari aka ci gaba da adadi ɗaya, sai gefen ya miƙe sama, ya yi zurfi. Sannan a juya lissafin, a riƙa haɗe ƙulli biyu su zama ɗaya sau 6 a kowane zagaye, har bakin ya tsuke. Ƙwallon da ya fito shi ne kai, kuma da wannan lissafin ake yin gangar jiki da hannu da ƙafa, illa tsawo da faɗi su bambanta. Tunda zagayen ba ya da iyaka a fili, ana maƙala guntun zare mai wani launi a ƙullin farko. Wadda ta raina wannan alama takan ƙare da kai karkatacce.

Ana cusawa ne tun bakin bai tsuke ba, kaɗan-kaɗan, ana dannawa da gindin kwarashi. Audugar roba irin ta cikin filo ita ta fi, domin tana wankuwa ta bushe da wuri. Audugar rimi tana dunƙulewa idan ta jiƙe, tsumma kuma yana riƙe danshi. Shinkafa da wake da tsakuwa, da wasu ke zubawa don nauyi, ba su da gurbi a kayan wasan jariri.

Wurin da haɗari ya fi yawa shi ne fuska da mahaɗa. Maɓalli da dutsen ado da idon roba duk suna iya cirewa su shaƙe yaro. A Amurka doka ta hana ƙananan gutsattsari a kayan wasan yaran da ba su kai shekara 3 ba, kuma ana gwada su da wani bututu mai faɗin milimita 31.7: abin da ya shige ciki gaba ɗaya ya yi ƙanƙanta. Don haka ido da hanci da baki da zare ake ɗinka su, a ɓoye ƙullin a ciki. Wasu masu saƙa ma sukan bar fuskar fili saboda kauce wa saɓanin malamai kan yin siffar mai rai, ko da yake malamai da dama sun sassauta a kan 'yar tsanar yara, bisa hadisin da ya nuna Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana. Kunne da hannu da ƙafa ana ɗinke su da allura mai faɗin ido, a zagaya sau biyu, sannan a ja da ƙarfi a gani. Abin da babba ya iya fizgewa, yaro ma zai cire shi wata rana.

Tsawon igiya ma abin lura ne. A Denmak, tun 2013, masu aikin sa-kai ke saƙa 'yar dorinar ruwa mai ƙafafu murɗaɗɗu domin bakwaini su riƙe maimakon su ja bututun da aka sa musu. Ƙa'idarsu ita ce auduga tsantsa, mai jure wanki a zafin digiri 60, kuma ƙafa kada ta wuce santimita 22 idan an miƙe ta. Wannan ma'auni ya dace da jela ko ɗamara a kowace 'yar tsana.

Kafin a miƙa ta, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a shanya har cikin ya bushe sarai, a kuma riƙa maimaitawa, balle lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Bayan kowane wanki a duba mahaɗan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada a bar wani abu mai laushi a shimfiɗar jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda yana iya toshe masa numfashi. 'Yar tsanar ta wasa ce a gaban babba. Idan barci ya ɗauki jariri, a ɗauke ta daga gefensa.