Yawon La'asar a Unguwar Hausawa ta Suki

Suki gari ne a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a bakin reshen kogin Nilu da ya gangaro daga Habasha. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasunsu maniyyata ne da suka yada zango a hanyar Makka. Wasu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Wasu kuma noman auduga ne ya kawo su, bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925.

Ɗalibin da yake son sanin halin da Hausa take ciki a irin wannan unguwa, sai ya zaga ta a ƙafa bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. Ya kasa kunne a wurare uku. A ƙofar gida, wurin hirar dattawa, zai ji gaisuwa da karin magana irin na kakanni. A kasuwa zai ji ana ciniki da Larabcin Sudan, amma mai tsire yana sayar da "agashe", kalmar da Larabawa suka ara daga Hausa. Na uku shi ne wurin wasan yara. Harshen da suke kiran juna da shi, shi zai nuna makomar Hausa a can.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya iso Suki a 2024, ya tarwatsa iyalai da yawa. Harshe kuwa yana ƙarfi ne inda masu shi suke zaune tare.