Rigimar Ƙofar Gida A Amurka: Tsakanin Magidanta Da Masu Yankan Ciyawa

Daga Wakilinmu

A yawancin jihohin ƙasar Amurka, da zarar hunturu ya wuce, ƙanƙara ta narke, ciyawa ta soma toho wajen watan Afrilu, sai wata rigima ta shekara-shekara ta taso a unguwannin da ke kewayen manyan birane. Magidanci zai shirya da sassafe domin zuwa wurin aiki, ko kuwa uwargida za ta kai yara makaranta, sai a fito a tarar da wata a-kori-kura mai jan tirela ta gitta a daidai hanyar fita da mota. Masu ita kuwa suna can bayan gidan maƙwabci, injuna na ruri, kunnuwansu a toshe, ba mai jin kira.

Kafin mai karatu ya ga girman wannan matsala, sai ya san cewa gidajen irin waɗannan unguwanni galibi ba su da katanga. Abin da ke gaban kowane gida shi ne fili na koren ciyawa, sa'an nan da wata 'yar siririyar hanya ta siminti wadda ta taso daga titi ta nufi gareji. Ita kaɗai ce mashiga, ita ce kuma mafita. Wanda ya tare bakinta ya kulle mai gida ke nan, ko da kuwa matarsa ce ke naƙuda.

ASALIN AL'ADAR

Wani Bature mai suna Edwin Budding shi ya ƙago injin yankan ciyawa a Ingila cikin shekarar 1830, amma a Amurka ne abin ya zama kamar farilla. Tsakanin 1947 da 1951 kamfanin Levitt ya gina wata unguwa mai gidaje sama da 17,000 a jihar Niyok, aka sa mata suna Levittown, aka kuma gindaya wa mazauna sharaɗin cewa kowa ya yanke ciyawar gidansa sau ɗaya a mako daga Afrilu zuwa Nuwamba. Unguwannin da aka gina daga baya suka bi sahu. Yau garuruwa da yawa suna cin tarar wanda ya bar ciyawarsa ta yi tsawo, ga kuma ƙungiyoyin masu gidaje da ke sa ido a kan kowa. Wani bincike da Cristina Milesi da abokan aikinta suka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa filin da wannan ciyawa ta ado ta mamaye a ƙasar ya ninka gonakin masarar da ake yi wa ban-ruwa har sau uku.

Da yake ba kowa ke da sukuni ko ƙarfin yin aikin da kansa ba, sai ya zama sana'ar 'yan kwangila, waɗanda ke yawo gida-gida da ma'aikata biyu zuwa huɗu.

ME KE SA SU TARE HANYA?

Dalili na farko shi ne tsawon abin hawansu. Mota da tirelarta sukan ci wurin ƙananan motoci biyu ko uku, ga kuma ƙofar baya da ake kwantarwa ƙasa domin a gangaro da injin da ake hawa. Tazarar da ke tsakanin wannan gida da wancan kuwa sau da yawa ba ta isa ba. Na biyu, injunan suna da tsada, ɓarayi kuma na haƙonsu, saboda haka ma'aikata ba su son ajiye mota inda idonsu ba ya kai. Na uku, kuɗin kamfani ya danganta ne ga yawan gidajen da aka gama a yini, don haka kowane minti yana da daraja. Direba yakan ce a ransa, ai yanzu-yanzu za mu tashi.

Akwai kuma batun harshe. Gwamnatin Amurka tana da wata biza ta aikin wucin-gadi mai suna H-2B, wadda doka ta ƙayyade mata gurabe 66,000 a shekara, ko da yake akan yi ƙari a wasu shekaru. Sana'ar gyaran filayen gidaje ita ta fi kowace cin waɗannan gurabe, kuma yawancin masu zuwa daga ƙasar Meziko suke, Sifaniyanci suke ji. Bizar tana ɗaure ne da kamfanin da ya ɗauko mutum. Watau leburan da mai gida ya fito yana yi wa tsawa yana iya kasancewa bai fahimci abin da ake faɗi ba, ba shi ya zaɓi wurin tsayawa ba, amma shi zai fi kowa shan wuya idan magana ta yi tsami.

ABIN DA DOKA TA CE

A nan doka ta raba gardama. Titin da ke gaban gida na jama'a ne, kowa na da ikon ajiye mota a gefensa, mai gida ba shi da hurumin hanawa ko kafa wata alama don keɓe wa kansa wuri. Amma bakin hanyar shiga gida dabam yake. A jihar Kalifoniya, sashe na 22500 na dokar motoci ya haramta tsayawa a gaban irin wannan hanya, sashe na 22651 kuma ya ba 'yan sanda ikon sa a ɗauke motar da ta tare ta. A birnin Niyok, sai jami'i ya zo ya manna wa motar takardar tara tukuna, daga nan mai gida yana iya kiran motar janwe mai lasisi, kuɗin ja kuma a wuyan mai motar. Birane da yawa suna da lambar waya 311 domin ƙorafe-ƙorafen da ba na gaggawa ba. Birnin Baltimore ne ya fara ta a 1996, Niyok ta bi a 2003.

To, amma fa samun doka a takarda dabam, cin moriyarta dabam. Aikin gida ɗaya sau da yawa bai kai awa guda ba. Kafin jami'i ya iso, balle janwe, masu ciyawa sun naɗe kayansu sun yi gaba, abin ya zama ihu bayan hari. Mako mai zuwa kuma, a wannan rana, a wannan lokaci, ga su sun dawo.

MATAKAN DA SUKA FI AMFANI

Saboda haka dabarar da ta fi ɓullewa ita ce bi daki-daki. Da farko a nemi helima ko direba, a tsaya inda zai hango mutum, a ɗaga hannu har ya kashe inji, domin kusantar mai riƙe da inji ta baya haɗari ne. A gaishe shi, a nuna masa mota da hanya. Wannan kaɗai yakan wadatar.

Idan abin ya maimaitu, sai a ɗauki hoton motar yadda lambarta da sunan kamfani za su fito, a rubuta rana da lokaci, a buga wa ofishinsu waya. Mai kamfani ya san cewa tara da kuɗin janwe za su cinye ribar aikin wannan gida, ya kuma san cewa maƙwabcin da aka ɓata wa rai ba zai taɓa ba shi kwangila ba.

Mataki na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne zuwa wurin maƙwabcin da ya ɗauko su. Shi ne mai biya, maganarsa ce ake ji. Yana iya ce musu su shigar da motar cikin hanyar gidansa, ko su tare bakin tasa ƙofar, ko a canza lokacin zuwa ya zama bayan mutane sun fita aiki. Sau da yawa shi kansa ba ya gida sa'ad da ake aikin, bai ma san ana yi ba.

Sai waɗannan sun faskara ne ake kai ƙara ga hukuma, da hotuna a hannu. Idan kuwa rai ne ke cikin haɗari, ba a jira, lambar gaggawa ta 911 ake kira nan take.

Abin da ya wajaba a guje wa shi ne ɗaukar doka a hannu. Wanda ya sace iskar taya, ko ya kwance tirela, ko ya taɓa inji, ya mai da kansa mai laifi bayan shi aka zalunta, kuma a ƙasar da bindiga ta yawaita a hannun jama'a, ƙaramar cacar baki na iya ƙarewa da abin da ba a so.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ma'aikatan ciyawa za su gama kakarsu su tafi cikin Nuwamba, kamfani ma ana iya sake shi, amma maƙwabci yana nan shekara da shekaru. Wanda ya fara da sallama a ƙofarsa kafin ya kira 'yan sanda, shi ya fi kusa da samun hanyarsa a buɗe ba tare da ya yi asarar zaman lafiya ba.