KAI YARA KALLO A YAMAI: ANA SHIRI TUN DA KAKA

Kowace shekara, in damina ta kama, ƴan lakkwal suna samun babban hutu. Ba su komawa aji sai watan Oktoba. Yaran birni ana kai su wuraren wasa, su hau lilo, su ga dabbobi. Yaran ƙauye kuwa gona suke nufa, ko su bi awaki daji. Da yawa cikinsu sun ji labarin gidan kallo na Yamai daga bakin mushe, amma ba su taɓa ganinsa ba.

Manomi ko makiyayi yana iya kai ɗiyansa wannan wuri ko da sau ɗaya ne. Abin da ake bukata shi ne shiri da wuri. Wanda ya tashi ba shiri, zai ci bashi, ko ya bar gona cikin haki.

MINENE A GIDAN?

Sunan wurin Gidan Tarihi na Ƙasa Bubu Hama. Mutanen Yamai suna ce masa Mize. Yana tsakiyar gari, kusa da kogin Isa. An buɗe shi a shekara ta 1959. Bubu Hama, wanda gidan ke ɗauke da sunansa, malamin makaranta ne kuma marubuci. Ya shugabanci majalisar dokoki har 1974, ya rasu a 1982.

Fili ne babba mai itatuwa da inuwa. Abin da ya fi jan yara shi ne dabbobin dawa: zaki, kura, dorina, kada, jimina da birai. Yaron da ya saba jin kura a tatsuniya zai tsaya gabanta ya dube ta da rana tsaka.

Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu a ƙasar Agadas shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce. Masana suna ce musu dinozor. An fara tono waɗansu a wani wuri mai suna Gadufawa cikin shekarun 1960. Har da ƙashin wani kada mai tsawon mita 9 ko fiye. Yanzu Gadufawa rairayi ne, amma a wancan zamani koguna ne ke gudu a wurin.

Akwai kuma iccen Tenere. Icce ne mai ƙaya wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Madugai suna gane hanya da shi, kuma babu mai sare reshensa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Aka ɗauko shi aka kawo Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Bayan wannan, akwai ɗakunan da aka ajiye tufafi, kayan kiɗa da kayan yaƙi na kakanni. An gina irin gidajen ƙabilun ƙasa, kowa da nasa fasali. Maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa suna aikinsu a fili, kowa yana gani.

WANE LOKACI YA FI?

Ranakun Salla ne gidan ke zama kamar bikin yara. Suna zuwa da sabbin tufafi, ga masu ɗaukar hoto, ga masu saida abinci da kayan wasa. Amma taro yana yawa ƙwarai, kuma motoci suna cika. Salla kuma ba ta tsayawa wata ɗaya. Kowace shekara tana matsowa gaba da kwana 11. Daga 2020 zuwa 2022 Sallar layya ta faɗo cikin watan Yuli, daga baya ta koma Yuni. Saboda haka ba kullum take haɗuwa da babban hutu ba.

Ga mai gona, watan Yuli ba na tafiya ba ne. Lokacin noman farko ke nan. Gonar da aka bari mako guda, haki zai rufe hatsi. Lokacin da ya fi shi ne bayan an gama maimai, hatsi ya yi kai, kafin a shiga girbi. A yawancin garuruwa wannan yana faɗowa ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Aiki ya yi sauƙi, yara kuma suna hutu.

Kwana 4 sun isa: ɗaya na zuwa, biyu na kallo da gaida dangi, ɗaya na komowa. Kafin a tashi, a bar babban mutum ya kula da gona da bisashe. Akuyar da ta shiga gonar maƙwabci tana iya jawo tara wadda ta fi kuɗin mota.

KUƊIN TAFIYA

Damina lokaci ne na ƙarancin kuɗi. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Don haka kuɗin wannan tafiya da kaka ake ware shi. Mai gida ya ajiye buhun wake ko na gujiya, ya saida shi in farashi ya hau. Uwargida ta turke ɗan rago, ko ta sa ranar kwasar adashinta ta zo daidai da tafiyar.

Kada a taɓa hatsin ci. Kada kuma a ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Kallon kwana 2 bai kai a sa gida cikin yunwa ba. In kuɗi ba su isa bana ba, a bari sai baɗi. Zaki yana nan, ba ya zuwa ko'ina.

A ɗauki takarda a rubuta abubuwa 6: kuɗin mota zuwa da komowa, abinci, taksi cikin gari, kuɗin shiga, tsaraba, da ajiya saboda rashin lafiya. A tambayi kuɗin mota a tasha tun da saura mako guda, har da na yara. Kuɗin komowa a ƙulle shi dabam, kada a haɗa shi da na kashewa.

In gida ɗaya ba zai iya ba, gidaje 2 ko 3 su haɗa kai. Manya 2 suna iya kula da yara 5 ko 6. A tafi da ƴan mata kamar yadda za a tafi da maza. Yaron da bai kai shekara 6 ba, tafiyar za ta gajiyar da shi, kuma ba zai riƙe abin da ya gani ba.

HANYA

Yamai tana da nisa. Daga Tawa wajen kilomita 550 ne. Daga Maraɗi wajen 660. Daga Damagaram kusan 900. Manyan motoci suna tashi da asuba. Na Maraɗi wuni guda suke yi, na Damagaram sai dare. Ana bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso.

In an wuce Doso, saura kamar kilomita 60 a shiga Yamai, sai yara su buɗe ido a wajen Kure. Nan ne mazaunin raƙuman dawa, kuma da damina wani lokaci ana hango su daga cikin mota.

Akwai shingayen bincike a hanya. Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Kowane yaro a riƙe masa takardar haihuwa. Wanda zai tafi da ɗan wani, ya karɓi takardar yaron daga hannun iyayensa. A yi guzuri daga gida: ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gujiya, da ruwa mai tsabta cikin gora mai marufi.

A sanar da mai masauki tun da wuri. Shi zai tambayo ranakun da ake buɗe gidan kallo, da awoyin shiga, da abin da ake biya. Gidan birni ba shi da rumbu, kome saye ake yi. Baƙon da ya zo da tiya biyu ta hatsi ko wake ya sauƙaƙa wa mai gida.

LAFIYAR YARA

Damina lokacin masassarar cizon sauro ce, Yamai kuma bakin kogi take. A tafi da sange, yara su kwana cikinsa kowane dare. Ma'aikatan lafiya suna raba maganin rigakafi ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata, daga Yuli zuwa Oktoba. In da ƙaramin yaro cikin tafiyar, a tambayi likita ranar rabo, don kada ta wuce shi. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita ran nan, kada a jira komawa gida.

A wanke hannu da sabuni kafin cin abinci. A guji abincin da ƙuda ke sauka kansa. In zawo ya kama yaro, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a nufi likita.

CIKIN GIDAN KALLO

Babban haɗari a taro shi ne ɓatan yaro. Ga inda karatu ke da rana. A rubuta sunan yaro, sunan ubansa, garinsu, da lambar salular mai masauki. A sa takardar cikin aljihunsa a maƙale da allura mai kulle. Da shiga, a nuna wa yara ƙofa, a ce wanda ya ɓata ya tsaya nan wurin masu gadi. A ƙidaya su da shiga, a ƙidaya su da fita.

A je da safe, kafin rana ta yi zafi. Kada yaro ya sa hannu cikin keji, ko ya hau katangar kada da dorina. Kada a jefi dabba, kada a tsokane ta. Ɗan lakkwal ya karanta wa sauran abin da aka rubuta a alluna.

In an komo gida, yaran su ba ƴan'uwansu labari da dare. Mai iya rubutu ya rubuta sunayen dabbobin da ya gani, ya kai wa mushe ranar komawa aji. Gani ya kori ji. Wanda ke son kai ɗiyansa baɗi, ya ware buhunsa tun wannan kaka.