HAYAR LAMBU A INGILA: DOKA TA BA DA IZINI, LAYI YA HANA

A gefen hanyoyin jirgin ƙasa da bayan unguwannin biranen Ingila akwai wasu filaye da aka yanyanka ƙanana-ƙanana, kusan kowanne da 'yar rumfar katako da durom na tarar ruwan sama. Waɗannan su ne lambunan haya waɗanda ƙananan hukumomi ke bai wa mazauna gari, domin su noma dankalin Turawa da albasa da kabeji da karas da wake na cefanen gidajensu. Kuɗin hayar bai taka kara ya karya ba, domin a wurare da yawa bai kai fam 100 a shekara ba. Wahalar tana wajen samun filin.

Al'adar kuwa ta samo asali ne tun zamanin da masu hannu da shuni suka killace gonakin da a da talakawan karkara ke noma da kiwo a cikinsu ba mai hana su. Da yunwa ta yi wa leburorin gona katutu, sai aka fara yankar musu 'yan filaye don su rage zafi. A shekarar 1908 Majalisar Dokokin Birtaniya ta kafa dokar da har gobe ake aiki da ita, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tanadar isassun lambuna muddin akwai masu bukata. Dokar ta ce idan mutum shida masu jefa ƙuri'a ko masu biyan haraji a yanki suka kai koke a rubuce, wajibi ne hukuma ta duba kokensu. Sai dai fa ba ta yanka wa hukuma wa'adi ba, kuma ta wannan ƙofa ce hukumomi da dama suke sulalewa. Gundumomin tsakiyar birnin Landan ma an ɗauke musu wannan nauyi ɗungurungum.

Mai neman lambu zai cika takarda a ofishin ƙaramar hukumarsa ko ta intanet, ya ba da sunansa da adireshinsa, ya zaɓi filin da ya fi kusa da shi. Galibi sai wanda ya cika shekara 18 kuma yake zaune a yankin. Daga nan sai a sa sunansa a layi, sai kuma haƙuri, gama ba a samun gurbi sai wani ya rasu, ko ya ƙaura, ko ya gaji ya mayar, ko kuwa an kore shi. Wani bincike da ƙungiyar Greenpeace ta bayyana a 1923 da ƙari ɗari, watau shekarar 2023, ya nuna cewa takardun da ke jiran gurbi a Ingila sun haura 150,000, kuma yawanci mutum kan yi kamar shekara 3 yana jira. A wasu sassan Landan jiran ya wuce shekara 10.

Ranar da layi ya iso kan mutum, sai a aiko masa da wasiƙa, a zaga da shi ya ga filin, a ba shi 'yan kwanaki ya yanke shawara. In ya amince sai ya sa hannu a takardar yarjejeniya, ya biya kuɗin shekara, a miƙa masa makullin ƙofa. Cikakken lambu bisa ma'aunin gargajiya murabba'in mita 250 ne ko sama kaɗan, watau ya ɗara rabin fulotin nan mai ƙafa 50 da 100 da aka saba da shi a Nijeriya. Saboda yawan masu jira, hukumomi da dama yanzu rabi suke ba sabon shiga.

To, a nan ne akasarin sababbi suke yin tuntuɓe. Lambun da ya faɗo hannun sabon mai haya ba safai yake zuwa a gyare ba, tun da sau da yawa wanda ya bar shi ya daɗe da sakin fartanya kafin a karɓe. Abin da mutum zai tarar shi ne ciyawa har ƙugu da sarƙaƙiyar ƙaya da tarkacen gilashi da tsofaffin katakai. Ga sanyin hunturu, ga ƙasa mai danƙo wadda ba ta haƙuwa in ta sha ruwa, ga dodon-koɗi mai cinye shuka cikin dare ɗaya. Alhali kuwa masu duba filaye suna zagayawa lokaci-lokaci, duk wanda suka ga ya bar nasa ya zama daji sai su aika masa da takardar gargaɗi. Wanda ya yi biris, ko wanda kuɗin haya ya yi kwana 40 a kansa bai biya ba, ana iya ba shi notis na wata guda ya tattara nasa ya nasa. Tsofaffin hannu kan shawarci sabo da ya lulluɓe rabin filin da baƙar leda ko kwali don ciyawa ta mutu, ya fara da ɗan abin da ƙarfinsa zai iya.

Sharuɗɗan ma suna da tsauri. Dokar 1922 ta bayyana cewa lambun na noman kayan miya ne da 'ya'yan itatuwa domin mai shi da iyalinsa, saboda haka ba a mai da shi wurin kasuwanci. Ba a kwana a ciki, ba a kuma ba wani haya a kan haya. Amma dokar 1950 ta yarda a yi kiwon kaji mata da zomaye, ta kuma ce wanda bai yi laifi ba, ba za a tashe shi ba sai da notis na wata 12, kuma kada wa'adin ya cika tsakanin 6 ga Afrilu da 29 ga Satumba, wato lokacin da amfani yake a ƙasa.

Ainihin abin da ya jawo tsawon layi shi ne ƙarancin fili. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnati ta yi yekuwar kowa ya ɗauki shebur don ciyar da ƙasa, lambunan sun kai wajen 1,400,000, har filayen shaƙatawa da na wasanni aka nome. Yanzu an ƙiyasta ba su wuce kamar 330,000 ba. Da yawa daga cikin sauran sun zama gidaje da tituna da kantuna. Dokar 1925 ta hana hukuma sayar da filin da aka keɓe musamman don lambuna sai da yardar minista, amma yardar ba ta gagara samuwa. A 2007 an rushe lambunan Manor Gardens da ke gabashin Landan domin gina dandalin wasannin Olimfik na 2012. A garin Watford kuwa masu hayar lambunan Farm Terrace sun ja da hukumarsu har gaban Babbar Kotu, suka yi nasara a 2014, amma da ministan ya sake sa hannu suka koma kotu, sai suka sha kaye a 2016, aka rufe filin aka miƙa shi ga magina.